Maɗaciyar Dogo

Ɗanmaliki wanzami bai taɓa jifan kowa da asiri ba, kuma ko da ya so, bai san ta inda ake farawa ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami. Ƙanen uban da ya riƙe shi ya koya masa aikin hannu, sauran kuwa ya adana wa 'ya'yan cikinsa. Saboda haka in aski ne, ko ƙaho, ko kaciya, ko cire belu, duk Tambuwal ba mai hannunsa. Amma abubuwan da wanzamai ke razana juna da su, irin hana aska ci ko hana jini tsayawa, ko ƙyas ba shi da su. Abin da yake da shi baki ne, shi kam Allah ya ba shi har da gyara.

Bakin ne ya ja masa, a kakar shekara ta biyu da samun mulkin kai. Wani manomin auduga, Hammadu, ya taso daga Kebbe ya zauna a Tambuwal, matarsa ta haihu. A al'ada kowane gida da wanzaminsa, kowane gari ma da nasa. To, wanda ya yi ƙaura fa, na wa ne? Hammadu bai tsaya tambaya ba, ya aika Kebbe aka kira Dogo, Sarkin Askar can, wanda ya yi wa shi kansa Hammadun kaciya yana yaro. Ɗanmaliki ya iso gidan suna da zabirarsa ta kayan aiki a rataye, ya tarar an riga an aske jariri, ana miƙa wa Dogo karfatar rago, rabon wanzami.

Ya ce, "Dogo, garin wa kaka aski?"

Dogo ya amsa yana dariya, "Garin da anka kira ni."

Mutane suka kwashe da dariya, ita ce kuwa ta ƙona wa Ɗanmaliki rai fiye da naman. Ya zaro aska a naɗe, ya nuna cikin Dogo da ita, ƙasan haƙarƙari ta dama, don nan hannunsa ya faɗa.

"To, tafi ka ci. Shi zamna maka nan."

Dogo ya saɓa namansa ya koma Kebbe. Kafin kasuwa ta zagayo Ɗanmaliki ya manta ma ya yi maganar.

Mutane ba su manta ba. Da bazara ta kama, fatake suka fara kawo labari daga Kebbe cewa Sarkin Aska ba lafiya. Idanunsa sun koma rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, yana sosa jiki har fata ta fashe. Aka ce shawara ce, aka ɗura masa duk wata saiwa da aka sani, ba ta saurara ba. Sai kuma wani ƙullutu ya ɓullo masa a ƙasan haƙarƙari ta dama, daidai inda askar nan ta nuna.

Nan da nan Ɗanmaliki ya zama wani abu. Samarin da suka koma wa mai almakashi na bakin tasha suka dawo rumfarsa. Wanzaman Sanyinna da na Dogon Daji, waɗanda da ko sallama ba su cika yi masa ba, suka riƙa durƙusawa su gaishe shi. In wani ya yi ƙarfin hali ya ɗauko zancen Dogo, sai Ɗanmaliki ya ci gaba da wasa askarsa a jikin fata, ya ce, "Allah dai shi sawwaƙe," ya yi ɗan murmushi. Bai taɓa cewa shi ne ba. Amma murmushin nan ya fi maganar gidan suna muni, domin ita a cikin fushi ya yi ta, shi kuwa da gangan yake yinsa, yana kuma jin daɗinsa.

Matarsa Tambaya ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Wata rana tana ajiye masa tuwo ta ce, "Maigida, ni ka wanke tsumman zabirar ga, na san abin da ka cikinta. Faɗa ma mutane ba kai na ba."

"Wa nac ce ma ni na?"

"Wa kac ce ma ba kai na ba?"

Ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ta tashi, amma tuwon bai yi masa daɗi ba.

Ran wata Litinin, kasuwar Tambuwal na ci, wani magidanci ya zo bakin rumfarsa ya tuɓe takalma, ya durƙusa a cikin rana. Mahmuda ne, babban ɗan Dogo.

Ya ce, "Baba, na zaka roƙo. Tsohonmu ya kusa. Mun kawo shi nan asibitin sha-ka-tafi ranar da likita mai rangadi yaz zaka, ya duba shi, yac ce a kai shi Sakkwato a yi mashi fiɗa, kar a daɗe. Tsoho ya ƙiya, yas sa munka maishe shi gida. Ya ce shi wanzami na, ya san ƙa'ida. In wanda yaj jefa bai saki ba, wuƙar likita na shiga, jini ba shi tsayawa. Don Allah, don Annabi, Baba, ka zaka ka kwance mashi."

Ɗanmaliki ya ajiye askarsa. Duk watannin nan yana cin suna da ciwon Dogo kamar abin da ke can nesa, bai taɓa tunanin cewa Dogon da kansa ya yarda ba, har yana ƙin asibiti saboda shi. Ya ce wa Mahmuda ya jira. Ya naɗe tabarmarsa ya nufi sha-ka-tafi na hukumar En'e, wurin malamin asibiti, Malam Shaihu.

Malam Shaihu bai ko ba shi wurin zama ba. Ya ce, "Kai na ashe. Likita ya ce abin ga maɗaciya shike." Ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa. Ɗanmaliki ya san ta, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, wadda mahauta ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. "Wataƙila tsakuwa ta tat toshe hanya. In ita ta, a fidda ta, mutum shi tashi. Wataƙila kuma wani abu na, ba a sani sai an buɗa. Amma in ruwa yas sauka, mota ba ta shiga Kebbe sai kaka, shi kuwa ba shi kai kaka. Kai kad dama shi, kai za ka fidda shi."

Daga duk maganar, kalmar tsakuwa Ɗanmaliki ya riƙe. Da ita ya kwana, da ita ya hau keke da safe ya bi bayan Mahmuda.

Hanya ta yi musu tsawo. Zafi ya tsaya cak, ba iska, gabas kuwa ta fara haɗa baƙin hadari. Sun tsallake fadamar da ke cika da ruwa in damina ta zauna, ƙasarta a tsattsage tana jira. Da suka shiga Kebbe bayan azahar, suka ga wata babbar mota a bakin kasuwa ana loda mata buhunan gero. Mahmuda ya tsaya ya yi magana da direban, ya dawo ya ce, "Bayan la'asar za shi tashi. Ya ce daga wagga ba shi komowa sai bayan damina."

A ƙofar gidan Dogo an ɗaure wani farin rago mai ƙaho biyu a murɗe. Ɗanmaliki ya gane na waye, ya kawar da kai.

Zauren ya cika. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga Ɗan'iya ƙanen Dogo, shi ma wanzami, wanda ya ƙi amsa sallama. A tsakiya, a kan tabarma, ga abin da ya rage na Dogo. Mutumin da in zai shiga zaure sai ya sunkuya ya koma ƙashi da fata, sai ciki a kumbure. Fatarsa duk sawun farce ne. Ya buɗe idanun nan masu launin rawaya ya dubi baƙonsa.

"Ɗanmaliki, ka zaka."

"Na zaka, Sarkin Aska. Sannu da jiki."

"Ka ga aikinka. Ya yi kyau." Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi tayar wa Ɗanmaliki da hankali ke nan. "Na ci naman da ba nawa ba, na tuba. Ga rago can, naka na. Gidan Hammadu na bar maka shi, har jikoki. Kwance mani."

Tun a hanya Ɗanmaliki ya yanke shawarar abin da zai faɗa, ya kuma san zai bar sunansa a zauren nan. Ya durƙusa a gaban Dogo.

"Dogo, ku shaida, Liman, ku shaida. Wallahi tallahi, ko Alƙur'ani anka kawo ni dafa, ban yi maka komi ba. Ban iya ba. Ubana bai bar mani komi ba, ban da komi cikin zabirar ga sai aska da ƙaho. Cika baki na kawai. Ciwo na Allah yad ɗora maka. Tashi ka hau motar ga."

Shi a zatonsa dariya za a yi masa, har ya shirya shanye ta. Ba wanda ya yi dariya.

Ɗan'iya ne ya fara magana. "Tun farkon bazara kana cin suna da shi kasuwar Tambuwal, wanzamai na faɗuwa gabanka. Yau kuma ba ka iya ba?"

"Ƙarya nika yi musu."

"Yanzu dai kaka ƙarya."

Ɗanmaliki ya juya ga Dogo, sai ya ga hawaye na gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne.

Dogo ya ce, "Ka ƙiya ke nan. Har da rantsuwa." Ya ja numfashi. "Rago bai ishe ka ba? Mi kaka so, faɗi."

"Ba ni son komi! Gaskiya nika faɗa maka!"

"Da ban san sana'ar ga ba, da na yarda. Duk wanda ba shi son saki, haka shika cewa." Dogo ya juya fuskarsa ga bango a hankali, yana cije leɓe. "Mahmuda, ce ma mai mota shi tafi. Nan za ni mutuwa, kusa da uwayena."

Ɗan'iya ya miƙe tsaye. Hannunsa na cikin aljihun riga, kowa kuma ya san abin da wanzami ke ajiyewa a aljihu. Wani dattijo ya riƙe masa gefen riga. Ɗan'iya ya ce, "Abu kaɗan anka roƙe ka. Tofa mashi, ka shafa, ka ce ka kwance. In ka kwance, nan gida za shi tashi, ba mu bukatar mota, ba mu bukatar wuƙar Nasara."

Ɗanmaliki ya ga inda aka rutsa shi. Ya faɗi gaskiya, an ji ta a matsayin ƙeta. In kuma ya tofa ya ce ya kwance, Dogo zai yi godiya ya kwanta yana jiran sauƙi, mota ta tafi, fadama ta cika. Ko ta ina ya bi, Dogo ba zai bar tabarmar nan ba.

Aka kira la'asar. Ya ce zai yi alwala, aka buɗe masa hanya ba wanda ya dube shi. A waje iska ta taso, tana kaɗa ganyen dalbejiya, hadarin ya rufe rabin sama. Ya tsuguna da buta ya fara alwala. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya, ga haushin kansa. Daga bakin kasuwa ya ji direba ya danna ham, ya sake dannawa.

Tsakuwa, in ji Malam Shaihu. In ita ce, a fid da ta, mutum ya tashi. In Dogo ya tashi, wa zai tuna da abin da aka faɗa a zaure? Za a yi ta ba da labari ana dariya. In kuma ba ita ba ce... Nan ya tsayar da tunanin, ya ƙi bin sa. Ya yi salla a gurguje, bai san abin da ya karanta ba, ya koma ciki.

Ya tsaya a kan Dogo ya sake fuska, ya ɗauko muryar da yake yi a kasuwa.

"To, Dogo. Na gwada ka, na ga ka yi laushi. Ni na."

Wani ya yi salati. Liman ya ɗago kai da sauri. "Ɗanmaliki, rantsuwa kay yi ɗazu."

"Na yi. Ni yi kaffara."

"Ka san gaban shaidu kaka maganar ga?"

"Na sani, Malam."

Dogo ya juyo. Fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Murna yake yi da jin cewa mutum ne ya yi masa, domin mutum ana iya roƙonsa.

Ɗan'iya ya ce, "To, kwance."

"Ba irin wanda aka kwancewa da tofi na ba." Ɗanmaliki ya dube shi ido cikin ido, ƙaryar na zuwa masa da sauƙin da ya ba shi tsoro. "Kai yaro na cikin sana'ar ga. Cikin maɗaciya nas sa shi, na rufe. Ni kaina ba ni iya fidda shi, askar wanzami ba ta kai gare shi. Sai wuƙar da ba tamu ba. Abin da ka hannuna jini na da ƙarfe, su za ni saki. In na saki, wuƙar likita ta ci, jini shi tsaya. Amma in ya kwana garin ga, ba ruwana."

Ba wanda ya taɓa jin irin wannan jifa, shi ya sa kowa ya yarda. Ɗanmaliki ya durƙusa, ya ɗage rigar Dogo, ya zaro askarsa a naɗe ya ɗora ta a kan ƙullutun, yana motsa baki kamar mai karanta wani abu. Sa'an nan ya sa tafin hannu ya shafa.

Sai a lokacin ya taɓa abin. Hannun nan ya taɓa maruru, ya taɓa ƙari, ya taɓa kumburin da ke tara ruwa da wanda ke tara mugunya, ya san yadda kowanne ke amsa yatsa. Wannan bai amsa ba. Tauri gare shi kamar ɗanyen rogo, ga gargada, ya kama jikin haƙarƙari ya ƙi motsi. Ɗanmaliki ya janye hannunsa, ya san wannan ba tsakuwa ba ce. Amma magana ta riga ta fita, a gaban liman.

Ya ce, "Na saki. Ku ɗauke shi."

Aka ɗauko Dogo a kan ƙyauren kara, ana gudu-gudu, mata na kuka a bayan danga. Direba ya riga ya ta da inji, yana zagin kowa. Aka shimfiɗa mara lafiya a kan buhunan gero, Mahmuda ya hau, aka jefa keken Ɗanmaliki sama shi ma ya hau. Ɗan'iya ya biyo shi da igiyar rago, Ɗanmaliki ya ce ba ya so, Ɗan'iya ya ce dole ya karɓa, mota ta tashi ta bar su da ragonsu.

Suna cikin fadama ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo masu zafi a fata. Aka ja tamfol aka rufe. Ƙafar mota ta yi ta sulɓi, ta kama, ta sake sulɓi, kowa na salati, har suka hau tudu. A cikin duhun tamfol Ɗanmaliki ya ji an kama masa wuyan hannu. Dogo ne.

Ya ce da 'yar muryarsa, "Ashe kana da abu haka, shekaru kana ɓoyo. Ni ina ce maka mai baki. In na komo, ka koya mani."

Ɗanmaliki ya ce, "In ka komo."

A Tambuwal ya sauka, motar ta miƙe hanyar Dogon Daji da Sakkwato. Labari ya riga shi isa gida, don akwai wanda ya sauka a bakin gari. Tambaya ta karɓi zabirarsa ta rataye, ta kawo masa ruwa. Ya fara yi mata bayani, ta ce, "Na gane abin da kay yi, Maigida. Allah shi sa tsakuwa ta."

Damina ta zauna. Duk motar da ta tsaya daga Sakkwato, Ɗanmaliki sai ya sami dalilin bi ta sha-ka-tafi. Da farko aka ce an yi fiɗa, jini ya tsaya. 'Yan kasuwa suka ce to, ai mai abu ya saki. Ya tambayi Malam Shaihu ko an fid da tsakuwa, ya ce bai ji an ambaci tsakuwa ba. Daga baya aka ce an yanki wani ɗan abu an aika babban asibiti na kudu a duba. Daga nan labari ya ɗauke. Ɗanmaliki ya rame, ya daina ba'a a rumfa, murmushin nan kuwa ko an biya shi ba ya iya yinsa.

Gero ya fara fid da kai lokacin da Mahmuda ya dawo. Litinin ce, kasuwa ta cika. Ɗanmaliki na tsugune yana yi wa wani mai sayar da gishiri aski, ya gama gefen dama ya jiƙa na hagu, sai inuwa ta rufe su. Ya ɗaga kai ya ga Mahmuda, Malam Shaihu na bayansa. Wannan karon Mahmuda bai tuɓe takalma ba.

Ya ce, "Tsoho ya cika. Can munka rufe shi, Sakkwato."

Aka yi salati a rumfunan da ke kusa. Mutane suka fara matsowa.

Ɗanmaliki ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Ya dubi Mahmuda. "Mi anka ishe?"

Mahmuda ya ce, "Ga maɗaciya shike, inda kac ce. Da likita yab buɗa, ya ishe abin ya cinye ta, ya kama hanta, ba wurin sa wuƙa. Yar rufe."

Malam Shaihu ya shiga gaba, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Jama'a, ku saurara. Ciwo na, ciwon daji. Shina kama mutum ko'ina, har ƙasar Turawa, ba wanda ka jifan wani da shi. Ba da jifa ba a sa shi, ba a kwance shi da tofi. Na maɗaciya dama ba shi da yawa, wanga kuwa wani iri na cikinsu da ba a cika gani ba. Likita ya ce duk shekarun aikinai bai taɓa gamuwa da irinai ba, waɗanda sunka duba can kudu su ma sun ce sai a daɗe ba a ga guda ba. Shi ke nan, ba wani abu."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, Allah ya sani. Amma da ya yi shiru da ya fi. Maganar ta bi taron daga baki zuwa baki, Ɗanmaliki na jin ta tana tafiya.

"Kun ji? Likita da kainai bai taɓa ganin irinai ba."

"Har na kudu."

"Kuma daidai inda yac ce."

Ɗanmaliki ya miƙe, aska a hannu, bai ma san tana buɗe ba. Waɗanda ke gaba suka ja da baya.

"Mahmuda, ƙarya nay yi! Don shi hau mota nay yi ta! Malam Shaihu yaf faɗa mani maɗaciya ta, ga shi nan, tambaye shi!"

Malam Shaihu ya ce, "Gaskiya na, ni naf faɗa mashi." Ba wanda ya juya ya dube shi.

Mahmuda ya ce, "Wace ƙaryar, Baba? Ta kafin la'asar ko ta bayan la'asar?"

Ɗanmaliki ya naɗe askar da ke hannunsa.

Mahmuda ya ci gaba, a hankali, kamar mai sauke kayan da ya gaji da ɗauka. "Ɗan'iya ya aiko, ya so a kai ka gaban alƙali, ga liman shaida. Tsoho ya hana. Kafin bakinai shi rufe ya sa na yi mashi alkawari in zaka in faɗa maka gaban mutane. Ya ce ka cika maganarka, ka saki jini, shi na yad daɗe bai roƙe ka ba. Ya ce in ce maka ya yafe maka, duniya da lahira."

Taron na jiran amsarsa. Ba a mayar wa mamaci da yafiya, ba a ce masa ba a bukata. Kowa ya san amsar da ake bayarwa, Ɗanmaliki ma ya sani, ya kuma san abin da amsar za ta tabbatar. Ya dubi Malam Shaihu, ya dubi Mahmuda, wanda idanunsa suka yi ja don kuka da rashin barci.

Ya ce, "Na gode. Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Mahmuda ya ce amin, ya juya ya tafi.

Ɗanmaliki ya daɗe a tsaye kafin ya tuna da aikin da ke gabansa. Ya tsuguna, ya tsoma yatsu a ƙoƙon ruwa, ya kai hannu zai kama kan mai gishiri. Mutumin ya kauce. Ya lalubi hularsa, ya kifa ta a kan da rabinsa ke aske rabi na ɗigar ruwa, ya ce ya bar kayansa ba kowa, zai dawo an jima. Ya sa takalmi ɗaya, ya riƙe ɗaya a hannu, ya shige cikin mutane.